Kyanwar da Aka Zo Aro

Shekarar da ɓeraye suka addabi layinmu a Samaru, ni da maƙwabciyata muka tashi neman kyanwa. Ita ta tafi Sabon Gari wurin mai kiwon kyanwowin ƙasar waje, ta sayo wata fara sol mai gashi buzu-buzu. Ni kuwa na nufi gidan wata tsohuwar nas a hanyar Shika, wadda ke tara kyanwowin da ɗalibai ke watsarwa idan sun gama karatu. Ta ba ni wata ramammiya mai yagaggen kunne kyauta, da sharaɗin kada in taɓa kulle ta a ɗaki.

Da maƙwabciyata ta gan ta, har riƙe ciki ta yi don dariya. Ta ce, "Maman yara, wannan kyanwa ce ko tsumma?" Maganar ta tsaya mini a rai.

Ba a yi wata biyu ba buhunan masarata suka huta. Kyanwar maƙwabciyata kuwa sai kifin gwangwani da kwanciya gaban fanka. Ran nan ɓera ya gifta falonsu, gimbiyar ta ɗare kan firji tana kuka.

Washegari da hantsi sai ga maƙwabciyata ta yi sallama, tana murza gefen mayafi, wai in ara mata tawa kwana uku.

Na ce, "Tsumman? Ɗauki mana. Amma ki sauko da taki daga kan firji, ta ga yadda ake aiki."