Ranar da Ja-Layi Ya Karkatar da Abawar Inna

Yayana ya haura shekara arba'in a gidan ɗab'i, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa jin kalmar "ban sani ba" ta fito daga bakinsa ba. Abokan sana'arsa Ja-Layi suke ce masa, saboda jan biron da ke maƙale a kunnensa. Duk kalmar da ya ja wa layi a ƙasa, in an zo bugu sai a karkatar da baƙaƙenta, abin da suke kira rubutun tsutsa.

Yana ɗan shekara goma sha huɗu Inna ta kai shi koyon aiki. Lokacin baƙaƙen dalma ake tsinta ɗaya bayan ɗaya daga akwati ana jerawa. Maigidansa ya koya masa ƙa'ida guda: kalmar da ba ta harshenmu ba baƙuwa ce, baƙuwa kuwa a karkace ake buga ta. Maigidan ya rasu, dalma ta tafi, kwamfuta ta zo, ƙa'idar tana nan daram a kan Yaya. Abin da ba a koya masa ba shi ne yadda ake gane baƙuwar. Sai ya yanke wa kansa hukunci: duk kalmar da shi bai taɓa ji ba, ita ce.

Shagon nasa ɗaki ɗaya ne da rabi. Injin yanka takarda a bakin ƙofa, fanka mai kuka, warin tawada da gam, da kalandar shekara uku da ta wuce wadda ya ƙi cirewa don shi ya buga ta. Rasit yake bugawa, da katin gayyata, da takardun jarrabawa. Amma in ya gyara zama ya fara bayani, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro karatu.

Sai ga 'yata Auta da littafi. Magani take sayarwa a kemis, shekara shida tana rubutu a kan kanta duk lokacin da masu saye suka ɗauke ƙafa. Labarin wata ƙasa ne da babu ita, inda mata ke kamo gajimare suna kaɗa shi ya zama zare. Ta ƙirƙiro wa ƙasar kalmomi. Kirbano dabbar hawansu ce mai fikafikai. Welanja kuma ruwan farko ne da ake matsewa daga gajimare. Burinta ɗaya ne, ta ga littafin ya fito yadda ta rubuta shi, kuma tun ranar farko ta faɗa masa.

"Kawu, don Allah kada a karkatar mini da ko ɗaya. Mutanen nan da kirbano suka tashi, kamar yadda muka tashi da akuya. Wa ke karkatar da akuya?"

Ya ce, "Ke dai kawo aiki, ki bar wa masu aiki."

Bayan mako biyu ta dawo gida da kwafin gwaji, idonta jawur. Na buɗe, sai na ga shafukan kamar gonar da iska ta bi ta kai. Kirbano a kwance, welanja a kwance. Na ce to, halinsa ne. Da na isa shafi na tara sai da na miƙe tsaye. Abawa a karkace. Taskira a karkace. Shiɓa a karkace.

Inna fa kaɗi ne sana'arta tun kafin a haife mu. Abawa zare ne mai kauri, taskira ɗan kwandon da take zuba auduga, shiɓa kuwa sassauta audugar kafin a kaɗa. Daga bakin kakarta Auta ta kwaso su. Shi kuwa gogan, tun da ya fara aiki da baƙaƙe ya daina zama inda mata ke aiki, wai hirarsu ba ta ilimi ba ce. A cikin kalmomin kaɗin, mazari kaɗai ya tsira, shi ma don ya saba jin ana cewa jiki na rawa kamar mazari.

Washegari da hantsi na ɗauki Inna da sandarta a motar haya, Auta na biye. Ya gan mu ya hau fara'a.

"A'a, Inna da kanki? Lafiya dai?"

Na ajiye masa shafin a kan tebur. "Yaya, karanta mata wannan. Ka ɗaga murya, kunnen ya yi nauyi."

Ya gyara tabarau. "Abawa. Ai irin kalmomin da yarinyar nan ke ƙagowa ne. Sunan aljani ne ko na tsuntsu, ita ta sani."

Inna ta karkato kunne. "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce abawa aljani ne."

Ta dube shi sama da ƙasa. Sannan ta ce, "Kai, ɗan nan. Bargon da ka riƙa yi wa fitsari har ka shekara tara, da me kake tsammani aka saƙa shi?"

Mai ɗaurin littafi da ke can ciki ya saki dariya har da buga tebur. Yaya ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Kunya? Ina! Cewa ya yi, "To, tsohuwar kalma ce, ta fita daga amfani. Kusan baƙuwar ce."

Inna ta ce, "Ni ma na tsufa. Sai ka kwantar da ni."

Da ƙyar ya yarda zai miƙar da na Inna. Ya ƙirga su bakwai, yana yi yana tsaki kamar haƙori ake cire masa. Amma kirbano da 'yan uwansa, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai miƙar da su ba. Wai mai karatu zai yi tuntuɓe, dole a yi masa alama ya san ƙarya ce.

Auta ba mai yawan magana ba ce, amma ran nan ta yi. "Kawu, littafin duka ƙarya ne, kowa ya sani tun daga bango. Aikina shi ne in sa mai karatu ya manta. Kai kuma kowane layi sai ka taɓa shi ka tuna masa. Shekara shida ina gina ƙasar nan."

"Ni kuma shekara arba'in da uku ina wannan aiki."

Na ce, "Arba'in da uku, ba ka san abawa ba."

Ya juyo kaina. "Ke da kika tsaya a sakandare za ki koya mini ɗab'i?"

"Sakandaren ta ishe ni in tambaya idan ban sani ba. Kai me ya hana ka? Gidan Inna tafiyar minti goma ce."

Auta ta miƙa hannu. "Kawu, ko duka a tsaye, ko ka ba ni filas ɗin da na kawo maka littafin a ciki."

Ya yi zaton wasa ne. Ya dubi Inna ko za ta sa baki, ita kuwa ta mayar da hankali kan fankar, tana tambayar me ya sa take kuka haka. Ya jawo aljihun tebur, ya cillo filas ɗin, ya ce kada mu kuskura mu ambaci sunan shagonsa a ko'ina.

Wata mata mai buga kalanda a bayan tashar mota ita ta buga littafin. Ba ta ƙara ko ɗigo ba. Takardar shara-shara ce, launin bangon ya ɗan koɗe, kuma sai da aka sake ɗaure kwafi ashirin saboda shafi biyu sun juye. Amma kirbano na tsaye, abawa na tsaye, kafaɗa da kafaɗa, ba mai cewa ga na gida ga baƙo. Auta ta rungume kwalin farko tun daga shagon har gida, ta hana direba ya sa shi a but ɗin mota.

Yaya kuwa yana nan yana gaya wa mutane wai shi ya ƙi aikin, don ba ya buga shirme. Ni ina wurin. Ƙwace shi aka yi.