Gunkin da Hansai ta jefa a Thames

Yaya Hansai ba ta taɓa kiran sunan Affan a gabana ba. Ɗanta na fari ne, ita kuwa mutuniyar Malumfashi ce, sai dai "yaron nan". Tun da mijinta ya rasu take aikin kicin a wata firamare a unguwar Woolwich ta Landan, da shi ta raini yaron har ya shiga jami'a. Flat ɗinmu na kallon juna, komai nata na sani.

Wata Asabar ta faɗo mini ba sallama. Ta kwance tsumma, sai ga 'yar mace ta yumɓu, ta tallabe ƙirjinta da hannu biyu, ƙasanta kamar turmi.

"Anatu, a ɗakin yaron nan na gani. Gunki ne."

"To ki tambaye shi mana, Yaya!"

Ina! Kunyar ɗan fari ta hana. Ga tsoro, domin kakarta Bamagujiya ce, ko da ta musulunta ba ta rabu da tukunyar tsafinta a ƙarƙashin rumbu ba. Hansai ta ce abin ne ya biyo jini, ya tsallako har Landan zai raba ɗanta da salla.

Na yi magana har na gaji. Matar nan ta ja ni muka hau ferry, jirgin fito, muna tsakiyar kogin Thames ta yi bismilla ta wurga shi, wai ruwa mai gudu ke karya irin wannan. Ni dai na yi kamar ban san ta ba.

Da la'asar Affan ya dawo yana ta bincike. Na ce tunda uwar ba ta iyawa, ni zan tambaya.

"Kai, me ya haɗa ka da gunki?"

Ya dube mu, ya fashe da dariya, ya amsa da Hausarsa mai gargada.

"Anti, project ɗina ne na makaranta! Kwafi ne, ni na ƙera. An tono irinsu da yawa a tsofaffin gidajen Bani Isra'ila. Wasu masana na ganin wata abar bauta ce, Ashera. A littattafan Bani Isra'ilan ma akwai sawun abin, annabawa na ta faɗa da su kan Ba'al."

Hansai ta ɗago. "Ba'al na Annabi Iliyasu?"

"Shi, Umma. Ina nazarin yadda suka daɗe kafin su saki, su kama Allah ɗaya."

Ta gyaɗa kai, ta ce, "Ashe su ma da tukunyarsu a ƙarƙashin rumbu."

Da ya ji inda aikinsa ya kwana, ya dafe kai. "Umma! Wata guda na yi a kansa!"

"Ka ƙera wani, amma a makaranta zai zauna. Tashi ka ja mu salla, lokaci na wucewa."

Wallahi ni ma sai a lokacin hankalina ya kwanta. Ya shige gaba ya tayar da kabbara, ita tana gefena tana sharar hawaye da bakin hijabi. Da muka sallame ta daɗe tana kallon bayansa.

"Affan," ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Yaron ya waiwayo da sauri, don bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.