Yadda Muka Kai Shinkafar Kansila Gonin Gora

Sabon Tasha

Shekarar da soja suka miƙa mulki, yayan matata Ishaku ya ci kansila, aka sa bikin godiya a Gonin Gora. Ni aka ɗora wa kai surukata, Mama Ladi, da babbar tukunyar dafa-duka. Ana gobe biki, ni da maƙwabcina Baba Yohanna muka ɗaga tsohuwar motata a kan jak muka sauya layinin birki da kanmu. Ba wanda ya taɓa yi a cikinmu, amma Baba ya ce ya sha tsayawa kusa da bakanike. Shoka kuwa, mai rage girgizar mota, ɗaya muka samu, muka ɗaura a dama.

Gari bai waye ba muka tashi. Mota ta karkace hagu kamar mai ciwon kwankwaso.

Baba ya ce, "Mama, ki koma dama ki danne mana ita."

Ta ce, "Ni ce dutsenku ke nan?" Ta koma, tukunya a cinya, mota ta miƙe.

Hanyar Abuja

Muna isa shataletalen da za mu karya zuwa Gonin Gora na taka birki, ƙafata ta nutse har ƙasa. Ba abin da ya faru. Na riƙe sitiyari muka miƙe sambal.

Mama ta ce, "Bitrus, ba nan ce hanyar ba."

Na ce, "Mama, wannan ta fi sauƙi."

Baba ya fara waƙar coci a hankali.

Kudenda

Ga shingen 'yan sanda kusa da masana'antu. Wani kofur ya ɗaga hannu, ni ma na ɗaga masa, muka wuce. Can gaba na ga tulin yashin masu gini, na saka hancin mota ciki. Mama ta rungume tukunya, ko ƙwaya ba ta zube ba.

Kofur ya iso yana haki. "Oga, don an koma farar hula shi ne ba ka tsayawa?"

Na gaya masa gaskiya. Ya ce, "Kun fitar da iska bayan kun buɗe bututun man birki?"

Muka kalli juna. Baba ya ce, "Ashe akwai iska a ciki?"

Kofur ya ce shi ma haka ya taɓa shiga kwata da motar ƙaninsa. Ya zauna a kujerata yana taka birki, ni ina ƙarƙashi da sifana ina buɗe bututun ina rufewa, Baba yana ƙara mai. Kofur na ihu, "Na danne!" ni ina amsa, "Saki!" har birki ya yi tauri. Mama ta zuba wa kofur shinkafa a murfin tukunya.

Gonin Gora

Mun isa ana tsakiyar addu'a, mutane sun fara waiwayen abinci. Na taka birki da irin ƙarfin ɗazu, mota ta tsaya cak, goshin Baba ya gaisa da gilashi. Kansila da kansa ya sauke tukunya. Mama ta sauko ta ce za ta kwana biyu wajen ɗanta, kuma kada kowa ya zo ɗaukarta.

Gida

Da yamma muka dawo lafiya, Baba a dama da jiƙaƙƙen tsumma a goshi. Godiya ta tabbata ga Allah, sai kofur, sai kuma mai yashin nan, in yana karantawa ya yi haƙuri.