Damina da Muka Sabunta Likitan Masara

Shekarun baya, bayan na gama karatun kwamfuta na dawo gida Birnin Gwari ba aikin yi, ni da abokina muka haɗa wata 'yar manhaja. Manomi zai ɗauki hoton ganyen masara da wayarsa, ita kuma ta faɗa masa abin da ke damun shukar. Ƙwaƙwalwarta, wato samfurin da muka koya wa gane cututtuka da tarin hotuna, tana ajiye a wani dandali na intanet. Mutane suka raɗa mata suna Likitan Masara. Mu kuwa har tafiyarmu sai da ta sauya.

Da damina ta zagayo, kawuna ya kira ni daga Kuyello.

"Ɗan nan, likitan naku ya ce masarata lafiya lau. To ga tsutsa nan tana cin tsakiyar shukar, maƙwabtana ma haka. Wasu sun ƙi yin feshi, wai likita bai ce ba."

Samfurin bai taɓa ganin irin wannan tsutsar ba, sai an ƙara koya masa da sababbin hotuna. Lokacin kuwa hanyar daji ba ta biyuwa yadda mutum ya so, mahaifiyata ta ce ko da wasa kada in je. Kawu ne ya bi gonaki da kansa yana ɗaukar hotuna, rabinsu har da yatsansa a ciki. Da yake hotunan sun yi yawa a turo su ta waya, ya cire memorin wayarsa, ya cusa a ƙullin daddawar da ya aiko wa mahaifiyata ta hannun direban motar kasuwa. Da ƙanshin daddawa muka yi wannan aikin har muka gama.

Saura ɗora sabon zubi a dandalin. Sabis ba ya kamawa sosai sai a kan katangar bayan gidanmu, don haka can muka ɗare da kwamfuta a cinya. Abokina ya ce mu goge tsohon kawai mu huta. Na ce a'a, mu bar shi, mu ɗora sabon a gefensa, mu gwada kafin mu juya manoma kansa. Muna wannan musu sabis ya ɗauke, muka koma farko.

Mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Ku sauko ku ci tuwo. Masarar da kuke jinya ce dai a cikin kwanon."

Ba mu sauko ba sai da ya gama hawa. Muka gwada, muka juya manoma kansa. Na kira Kawu ya sake ɗaukar hoto. Ya ɗauka, sannan na ji dariyarsa: "Yauwa, yanzu ya gan ta!" Gefe guda na gonarsa ya riga ya tafi, amma sauran ta tsira, ta maƙwabta ma haka.

Yau ina aiki a Kaduna. Sabunta samfuri danna maɓalli ne, kafin shayi ya huce an gama, ban kuma san fuskar ko mutum ɗaya da ke amfani da shi ba. Abokina ya yi nisa, sai gaisuwar salla a waya. Wani lokaci idan aikin ya tafi sumul, sai in kama kaina riƙe da waya, ina laluben wanda zan kira in tambaya ko ya gani. Babu kowa. Sai in mayar da ita aljihu, in ɗauki aiki na gaba.