Buhunan Ustad Nazakat

Ranar da na fara shiga garejin Ustad Nazakat Ali, a bayan kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Lahore, da ƙafar hagu na shiga. Ina riƙe da kofin shayi, ina ba wani labari da hannu biyu, ban ga zaren da aka ja daga turke zuwa turke a gefen wata jar mota ba. Na harɗe, na kife, shayin ya wanke mini gaban riga. Aikin awa biyu na rushe masa. Bai zage ni ba. Ya dai nuna mini wani benci, ya ce in dai ina son zuwa nan, iyakata ke nan. Yau shekara ashirin ina kan bencin.

Sana'ar Ustad ɗaya ce: saita ƙafafun mota. Ba ya taɓa inji, ba ya fenti. Ubansa ƙafafun keken doki yake gyarawa, shi kuma ya fara da manyan motocin kaya, har 'ya'yan masu hali suka soma sauke motocinsu ƙasa-ƙasa, kamar kunkuru, suna tseren mita ɗari huɗu a miƙe. Su ne suka gano shi. Kayan aikinsa zaren kamun kifi ne, da ƙaramin ma'auni na ƙarfe, da alli a bayan kunne.

Abin da yake wa'azi a kai kullum shi ne, mota a tsaye maƙaryaciya ce. Idan ka sauke ta, kan tayoyin baya yana karkata ciki, samari kuma su ce kyau ke nan. To a lokacin tashi bayan motar yana ƙara durƙusawa, sai ta tsaya a gefen taya kamar mai sanɗa, rabin roba yana sama yana shan iska. Don haka shi yakan miƙe su, har ya ɗan buɗe kansu waje, yadda in ta durƙusa za su kwanta ɗaf a kwalta. Ba ya kuma saita mota babu kowa a ciki. Ko direba ya zauna a kujerarsa har a gama, ko a ɗora buhunan garin alkama daidai nauyinsa, aro daga mai shagon da ke jikinsa.

Bai taɓa ganin ƙarshen tsere ba. Motoci na tashi, jama'a su juya suna ihu, shi kuwa ya tsuguna a wurin tashi yana karanta baƙin sawun da taya ta bari.

Da aka buɗe shagunan saita ƙafa da na'ura mai jan haske, masu sanyi da kujerun zama, samarin suka yi ta zamewa ɗaya-ɗaya. Masu tsere uku suka rage masa, dukansu kuma Malik Zaryab suke bi, ɗan mai masaƙa, mai jar motar nan. Duk inda Malik ya kai motarsa, can za su kai tasu.

Ana saura kwana biyu babban tsere Malik ya kawo motar, da rana tsaka, gari kamar tanda. Ustad ya ce ya shiga ya zauna. Malik ya dubi kujerar, ya dubi agogo, ya ce ana jiransa cin farfesun ƙafar akuya, a sa buhu kawai. Da aka tambaye shi nauyinsa ya gyara faffaɗar rigarsa ya ce kilo tamanin, tun yana jami'a bai ƙaru ba. Ustad ya ɗora buhu huɗu masu ashirin-ashirin. Bayan Malik ya tafi ya ƙara ƙarami mai goma, don a cewarsa bai taɓa ganin namijin da ya faɗi nauyinsa bai ci goma ba.

Ranar Lahadi da hantsi motar ta tashi, ta ja gefe guda kamar jakin da ya hango gida. Malik ya ɗaga ƙafa daga totur, wani yaron likita a farar mota ya wuce shi. Kafin azahar labari ya gama gari: idon tsoho ya mutu, zare ya tashi aiki. Ustad yana tsugune a wurin tashi, sawun taya ɗaya cikakke, ɗayan siriri kamar bulala.

Washegari Malik ya zo da abokansa biyu, wai ya zo sallama, na'ura za shi.

"Ustad ji, girma ya zo. Ka huta, ka riƙa jan carbi."

"Gaskiya ne, Malik sahib. Alfarma ɗaya, shiga ka zauna, in ga inda na kuskure."

Malik ya shiga. Ustad ya jingina sanda a jikin motar, ya ja alli a jikin sandar daidai inda bakin ƙarfen da ke saman taya ya sauka. Ya ce ya fito. Motar ta ɗago kamar ta yi ajiyar zuciya. Sai ya soma ɗora buhu a kujerar, ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu akwai sauran yatsa guda tsakaninta da allin. Abokan, da Allah bai hore musu kunya ba, suka kama ƙirga da ƙarfi. Na biyar ya hau, ba ta kai ba. Aka ƙara mai goma, saura kaɗan. Mai shagon gari da kansa ya ruga ya kawo ƙullin kilo biyu, ya ɗora a hankali kamar mai kwantar da jariri, motar ta sauka a kan alli.

Ɗaya daga cikin abokan ya tambayi Malik ko a jami'ar da ɗan'uwansa aka auna su, aka raba biyu. Malik ya ce walat ne da makullai a aljihunsa. Daga nan ya koma cikin motar ya zauna, awa uku cur yana zufa, Ustad yana jan zare. Babu wanda ya sake ambatar na'ura.

Da suka tafi na kasa riƙe bakina. Na ce masa shi da yake ganin kaurin gashi a jikin zare, yaya aka yi tumbi guda ya wuce shi? Tun ranar farko ai da ya ce wa mutumin ƙarya yake yi, da shi kansa bai sha wannan tonon silili a gari ba.

Ustad ya mayar da allin bayan kunnensa, bai ko dube ni ba.

"Kai da kake gaya wa baƙi tare muke aikin nan, na taɓa ƙaryata ka?"