Mai Askin da Ya Daina Miƙa Hannu

Ƙarfe bakwai na safe yake buɗe shago. Kafin ya taɓa almakashi, sai ya fito da kujerar aski baranda, inda iska ke kaɗawa, ya ɗaura takunkumi. Da yamma idan ya koma gida, ba ya faɗawa ɗaki kai tsaye. Akwai ƙusa biyu a bakin ƙofa, ɗaya ta rigar aiki, ɗaya ta rigar gida. Sai ya tuɓe, ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, ya canza, sannan ya yi sallama. Shekara tara ke nan.

An yi wa matarsa dashen ƙoda, kuma maganin da ke hana jikinta ƙin ƙodar shi ne ya karya mata garkuwar jiki. Murar da za ta sa wani atishawar kwana uku, ita tana iya kai ta kabari. Sau ɗaya aka faɗa masa haka a asibiti. Bai nemi a maimaita ba.

Da can bencin shagonsa ba ya rabuwa da 'yan hira, dariyarsa har tsallaken titi. Ya ɗauke bencin. Ya daina zuwa biki, ya daina shiga gidan kallon ƙwallo, ya daina miƙa hannu, sai dai ya dafa ƙirji. Wanda ya zo yana tari, sai ya ce, "Je ka warke tukuna, gashin ba guduwa zai yi ba." Abokai suka laƙaba masa Likita. "Likita, yau za a yi mana aski, ko sai an auna jininmu?"

A shekara ta uku yayansa ya zo daga nesa, hanci na zuba. Mai askin ya tare ƙofa, maƙwabta na kallo.

"Yaya, yi haƙuri, mu zauna a waje."

"A waje? Ni da na goya ka? Matsa in duba mai jiki."

"Ka gaishe ta ta taga."

Yayan ya ɗauki jakarsa. Shekara shida bai amsa wayarsa ba. Dangi suka ce mace ta raba shi da jininsa. Da maganar ta kai kunnen matar, ta ce ya buɗe ƙofa kowa ya shigo, abin da zai faru ya faru. Ya miƙa mata kofin ruwa. "Sha maganinki, takwas ta yi."

Mai aski, kai ne ka yarda a kira ka mai girman kai, don kada a zo maka ta'aziyya. Kai ne mai son mutane da ya haƙura da mutane. Ba ka taɓa cewa abin da sauƙi ba. An sha ganinka tsaye a baranda kana kallon motocin biki har su ɓace.

Watan jiya mai askin ya ajiye almakashi, ido ya yi rauni. A makon nan aka ƙwanƙwasa taga. Yayan ne, hankici a hanci.

"Kar ka buɗe, Likita, ina ɗan tari. Ina take?"

Matar ta ɗaga labule. "Ga ni, Yaya. Da raina."

Mun gode, mai aski. Allah ya ƙara mata lafiya, ya saka maka. Mu kuma, ran da mura ta kama mu muka nufi gidan marar lafiya, mu tsaya a taga.