Alwalar Baba a Gindin Maɗaci

Shekarar da Nasara suka ce sai an yi inuwa a filin gaban bariki, ina ɗauke da cikina na biyu. A lokacin wannan gefen na Matameye babu komai, daga rairayi sai tumfafiya, awaki ma ba su cika tsayawa ba. Kumandan barikin ya sa aka yi lambun dashe a bakin fadama, aka danƙa shi hannun wani tsohon soja da ya koyo aikin a Damagaram. In mun je ɗebo ruwa mukan leƙa ta shinge don mu sha dariya. 'Ya'yan maɗaci ne jere cikin fasassun tukwane, an yi musu rumfar zana, shi kuwa yana zagaya su da sanda yana daka musu tsawa da ɗan Faransancin da ya tsinto, wai su miƙe tsaye.

Bayan kaka aka raba su, kowane gida ɗaya. Aka dasa a filin, aka kewaye da ƙaya. Sannan mai unguwa ya faɗi abin da ya kashe mana dariya: gidan da icensa ya mutu kafin ruwan shuka zai ba da namiji ɗaya aikin hanya, kuma daidai lokacin shuka ake ɗiba. Mu kuwa namiji mai ƙarfi ɗaya gare mu, mijina. In aka tafi da shi, gona ba shuka, rumbu ya shekara wayam.

Ɗayan namijin shi ne Baba, surukina, tsoho mai taurin kai da ban taɓa ganin irinsa ba. Ranar da aka dasa, ya zauna a zaure ya ɗaga murya yadda har cikin gida za a ji.

"Ubana bai shayar da ice ba, kakana ma haka. Ice Allah ne mai shayar da shi. Ni ba ni zama bawan maɗaci don Nasara na son inuwa!"

Tsakanina da Baba kunya ce irin ta da, ko ido ba mu taɓa haɗawa ba. In ya shigo sai in durƙusa in gai da ƙasa. In yana da magana da ni, kaza yake gaya wa, ko danga, ni kuma in tsinta. Aikina da shi guda ne: in cika masa 'yar butarsa ta alwala in ajiye bakin zaure.

Ni na riƙe icen. Safe da marece ina tafe da tulu a ka da ciki a gaba, har matan rijiya suna tsokanata wai tulu biyu na ɗauko. Mijina ya loda wa jakuna gyaɗa ya nufi Kano, ya ce kafin in sauka zai dawo. Yaron bai jira shi ba, ya zo tsakiyar bazara, lokacin da rana ke soya ƙasa.

Tunda ba haihuwar fari ba ce, ban tafi wanka gidanmu Yauri ba. Gwaggon mijina ta zo ta zauna da ni. Mai jego kuwa ba ta leƙa ƙofa sai ta yi arba'in. Na roƙi Gwaggo ta riƙa kai wa icen ko ƙwarya guda.

"Ke yarinya, da wane zan ji?" in ji ta. "Ruwan wankanki kaɗai ya karya mini ƙugu. In kuma ɗauki tulu har bariki? Sha kununki ki yi shiru."

Na ɗauki kunun kanwa, amma ba ya shiga. Ina zaune a ɗaki, ina ganin ganyen nan yana yanƙwanewa a raina, ina ganin mijina da kwandon tsakuwa a ka. Tsoro na ji sosai. Ga mutum ɗaya a gidan da ƙafarsa ke kai wa bariki, ga shi bakina ba ya iya roƙonsa.

Ana nan, wata rana Gwaggo ta shigo tana mita. Wai dutsen da Baba ke zama a kai ya yi alwala a bakin zaure ya bushe ƙayau, ko ɗigo babu a gindinsa, anya tsohon nan bai fara ruɗewa ba? Kashegari ta dawo daga rijiya tana dariya har zanenta na kwancewa. Ta gan shi. Ya buɗe ƙayar ta gefe guda, ya tsuguna a gindin maɗacinmu, yana wanke hannu a hankali, ruwan na zuba inda ya kamata. Ta ce masa, "Yaya, ashe an koma shayar da icen Nasara?" Ya harare ta ya ce shi alwala yake, kuma ƙasa duk ta Allah ce, inda ya ga dama nan zai tsuguna.

Da azahar ta yi, na ɗauke 'yar butar nan na ɓoye, na cika babbar gorar da mijina ke zuwa gona da ita, na ce Gwaggo ta ajiye bakin zaure. Na kasa kunne. Na ji takunsa, na ji ya tsaya, na ji gyaran murya. Sai na ji ruwa na kaɗawa cikin gora yana nisa.

Kafin in yi arba'in, abokansa tsofaffi sun bi shi, kowa ya tsuguna gindin na gidansa. Suka share wuri suka jera duwatsu, nan suke salla, nan suke hira. Tsohon sojan lambu ya zo ya ƙame ya sara wa Baba, ya ce duk filin babu mai shayarwa kamarsa. Baba ya taso masa da faɗa, da kyar aka raba su.

Mijina ya dawo ana saura kaɗan ruwa ya sauka. Ranar da gardin bariki ya zo duba itatuwa ni ma na fito, goye da yaro, na tsaya nesa. Ya kankare ɓawon namu da farce, ya ga ɗanye shar, ga sabon toho ja a kansa, ya wuce na gaba. Na zauna a rairayi ina dariya ina share hawaye.

Da ruwan shuka ya sauka, mijina ya saɓa sungumi ya nufi gonarmu, na bi shi da ƙwaryar iri. Baba na bakin zaure. Na durƙusa kamar kullum. Ya dubi jaririn da ke bayana, ba ni ba.

"Kai, ɗan ƙwal," ya ce, "gaya wa uwarka gorar nan ta cika nauyi, ta kusa cire mini kafaɗa."

Na yunƙura zan je in ɗauko masa 'yar butarsa. Ya sake gyaran murya.

"Ka kuma gaya mata ban ce a sauya ta ba."